Haƙori Arba'in da Ɗaya

Ranar da Sallau ya jawo akori-kurarsa garejinmu a Agege,
taɓon Ikorodu bai bushe a ƙugunta ba.
Buhu talatin na albasa ya baro can,
sun kwana uku a ruwa, har sun tsiro gemu.
Ya ce wa Oga Tanimu: "Ƙara mata ƙafa.
Ba ta ado ba. Wadda za ta tura."

Oga bai tanka ba. Ya tsuguna
ya leƙa cikinta kamar mai tayin sa a Oko-Oba,
ya auna sasi da igiya, ya yi ƙulli,
ya ce in ɗora shayi.

Ran Talata muka yanka ta.
Ban taɓa ganin mota an raba ta biyu ba:
kai yana kallon titin jirgi,
bodi ya jingina da katanga,
kaji suna ratsawa ta tsakiya.
Sallau ya leƙo, ya gani,
ya juya ko gaisuwa babu.

Baba Lamidi mai walda ya ƙara mata taku huɗu,
yana ɗinki da wuta, yana zagin masu ɗauke wuta.
Ni aka aika Ladipo nemo aksil.
Okwudili ya dafa ƙirji ya rantse:
"Ɗan uwan naku ne, uwa ɗaya uba ɗaya."
Na turo shi a baro cikin gosulo,
kwandastoci na yi mini kirari.

Muka ɗaura sifirin, muka miƙa farfela ta biyu
ta haye ta farko kamar gada bisa gada,
na sha giris har kunne.
Aka tayar. Ta yi taku goma
sai ta kama kyarma, tayoyi suna kuka,
warin roba ya cika layi,
mai sayar da amala ta toshe hanci da gyale.

Oga ya kashe inji. Ya miƙo mini alli.
"Buɗe duka biyu. Ƙirga haƙora."
Na kwanta a kwali, ruwa na bin bayana.
Na gida, arba'in da ɗaya.
Baƙon, talatin da tara.
Na ce, "Oga, biyu ne kacal."
Ya ce, "Ku ɗauki katako ɗaya a ka, kai da wani,
shi yana sauri, kai kana saɗaɗe,
ka zo ka gaya mini wuyan wa zai biya."

Kwana huɗu ina komawa Ladipo.
Ban ƙara sauraron rantsuwa ba,
alli kawai nake fitarwa.
A na biyar, ƙarƙashin tarin ƙarafa,
inda kyanwa ta haihu, na same shi.
Sau uku na ƙirga kafin in biya.

Yanzu takan shiga taɓon nan da ya ci albasa,
ta yi gyaran murya, ta fito ta ɗaya gefen.
Mai kam tana sha kamar ba gobe,
kuma kwanar layinmu sai ta ja da baya sau biyu.
Wani jami'in hanya ya zagaya ta da takarda a hannu:
"Nan an rubuta huɗu."
Sallau ya ce, "Yallaɓai, girma ta yi. Ikko ce."
Sai da aka sake takardu, wata guda cur.

Jiya bayan ruwa ta fita da tumatir.
Na tsaya bakin gareji ina duban sawunta a laka.
Taya uku kowane gefe,
amma sawu ɗaya suka bari.
Guntun allin yana aljihuna har yau,
ya ɓata mini wando biyu.